Yadda Ake Kwance Tsohon Dogon Agogon Ingila, A Ɗauke Shi, A Kafa Shi Ya Ci Gaba Da Aiki

Tambayoyin da ake yawan yi mini a kan dogon agogon nan na Ingila, mai tsayawa a ƙasa cikin gidansa na katako, kusan duk hanya ɗaya suke bi. Wani ya saye shi a gwanjo, an kawo masa gida, ya yi minti goma ya tsaya. Wani zai tashi daga gida zuwa gida bai san ta inda zai kama shi ba. Wani kuma yana zaune a Landan, yana so ya sa nasa a kwantena zuwa gida. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace a cikin injin. Agogon da ya yi shekara 200 ko 300 yana aiki ba tsufa ke kashe shi ba, hannun mai ɗauka ne da gaggawar mai kafawa.

Tun da aka fara ƙera irinsa a Landan wajen 1660, jim kaɗan bayan maƙerin agogo Ahasuerus Fromanteel ya yi tallar agogo mai lilo (sanda mai faifai a ƙasa da ke kaɗawa dama da hagu) a 1658, an tsara shi ne a rarrabe. Hula (murfin sama mai gilashi da ke rufe inji) daban, inji daban, lilo daban, duwatsun nauyi daban, kowanne an ɗora shi ne kawai a kan ɗan'uwansa. Wanda ya rungume shi a haɗe ya kwantar, ya gama da shi. Ga yadda ake bi.

1. Gane irin wanda ke hannunka

Buɗe doguwar ƙofar cikinsa ka leƙa. In ka ga duwatsu 2, kowanne a rataye da 'yar taya a kan tsarkiya, fuskar kuma tana da ramukan makulli 2, to na kwana 8 ne, sau ɗaya ake yi masa wani a mako, wato a ɗaga duwatsunsa da makulli. Kowane dutse yakan kai kilo 5 zuwa 6, na dalma ko na baƙin ƙarfe. In kuwa dutse ɗaya ne a kan igiya ko sarƙa, na awa 30 ne, kullum ake ɗaga dutsensa. Kada ramin fuska ya ruɗe ka, akwai na awa 30 da aka zana musu ramukan ƙarya don su yi kama da masu tsada. Abin da ke cikin ciki shi ne shaida.

Fuskar za ta ba ka kimanin shekaru. Na farko-farko fuskarsu ta tagulla ce, mai kusurwa huɗu, ƙarama. Mai baka a sama ta yaɗu ne daga wajen 1720. Farar fuska mai fenti kuwa ta fito daga Birmingham, inda Osborne da Wilson suka yi tallarta a 1772, ta kuma ture ta tagulla cikin 'yan shekaru. Maƙeran ƙauye sun daɗe suna riƙe da tsohon yayi, don haka wannan awo ne na kusa, ba na yanke hukunci ba.

2. Dubawa kafin ka biya

In agogon naka ne tuntuni, tsallake nan. In saye za ka yi, ka je da tocila, ka nemi a cire maka hula.

Babban abin da ake nema shi ne ko injin da gidan tare aka haife su. Haɗin gambiza ya yi yawa a wannan kasuwa: injin wani agogo, gidan wani, har fuskar ta zama ta na uku. Mayar da hula ka tsaya a gaba. Fuskar ta cika tagar hular daidai, ko akwai rata, ko katako ya rufe adon kusurwa? Dubi katakon da injin ke zaune a kai. In sabo ne fes, ko an cusa masa guntaye a ƙarƙashi don ya ɗaga, ko an datse katakan da yake hawa, sai ka tambayi dalili. Haska farantin gaba na injin ta gefe. Ramukan da babu komai a cikinsu sukan nuna cewa wata fuskar ce ta fara zama a wurin. A bangon baya na gidan kuma sau da yawa akwai tabon da faifan lilo ya goga shekara da shekaru. In tabon yana sama ko ƙasa da inda faifan yake yanzu, wani lilon ne ya yi shi.

Haɗin gambiza ba ya hana agogo aiki, kuma ni ban ga laifin saye ba in an gaya maka gaskiya, an kuma rage kuɗi. Laifin shi ne ka biya kuɗin na asali.

Sunan da ke kan fuska ma a bi shi a hankali. Mashahuran maƙera irin su Thomas Tompion, wanda ya rasu a 1713, da George Graham, da Joseph Knibb, sunayensu sun sha hawa kan agogunan da ba su taɓa gani ba, Tompion ma tun yana raye ake yi masa haka. Na gaskiyarsu kuɗinsu ya kai dubban ɗaruruwan fam. Littattafan G. H. Baillie da na Brian Loomes sun jera sunayen maƙera da garuruwansu da shekarunsu, ka gwada da abin da fuska da gida suka nuna.

Batun kuɗi: agogon ƙauye na awa 30 mai gidan katakon itacen oak yakan tafi a 'yan ɗaruruwan fam a gwanjon Ingila. Sai dai kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba. Gidan gwanjo na ɗora la'adarsa, wadda takan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ga kuɗin ɗauka, ga gyaran inji wanda shi kaɗai zai iya zarce kuɗin sayen.

Hattara: in za ka fitar da shi daga Ingila, bincika ko akwai hauren giwa a adon gidan, musamman bakin ramin makullin ƙofa. Dokar hauren giwa ta ƙasar ta fara aiki a 2022, kuma tana da tsanani. Kayan tarihi masu tsada sosai kuma sai da lasisin fitarwa.

3. Kayan aiki

Mutum biyu, wannan ba abin sasantawa ba ne. Sai safar hannu ta auduga, salatif na takarda, tocila, sukundireba, ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, barguna, kwali mai ƙarfi, katako siriri mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya, da 'yan guntayen katako na tokara. Safar ba ado ba ce: gumin yatsa na barin tabo a tagulla da azurfar fuska, tabon da ba ya fita sai an sake wanke fuskar gaba ɗaya.

4. Kwancewa

Kada ka yi masa wani ana gobe tashi. Bar shi ya yi tafiya har duwatsun su sauko tsakiyar ƙofa, inda hannu zai kai gare su ba wahala. Ka ɗauki hotunan inji ta gefe biyu da ta baya kafin ka taɓa komai, za su yi maka rana.

Tsayar da lilo da hannu. Cire 'yan adon da ke kan hula, yawanci a soke kawai suke. Sa hannu ta ƙofar ciki ka laluba sama, wasu suna da sakata da ke riƙe hular. Sannan ka kama hular ta gefe biyu, babban yatsa a kan ƙofar gilashi don kada ta buɗe, ka jawo ta gabanka a hankali har ta fita.

Hattara: a agogunan da suka girmi 1700 akwai waɗanda hularsu sama take zamewa, ba gaba ba. In ka ja ta ƙi, kada ka ƙara ƙarfi. Duba ko tana da kwari a baya da take hawa.

Daga nan abokin aikinka ya dafa injin, kada ya sake shi har a gama. Dalili kuwa, a agoguna da yawa babu abin da ke riƙe da injin sai nauyin duwatsun. Fuskar ta fi baya nauyi, ana sauke duwatsu zai iya kifowa ta gaba.

Kafin ka sauke dutse, manna salatif a kan tsarkiyar da ke naɗe a jikin kowace ganga a cikin inji, don kada ta warware ta hau kan juna ko ta faɗa cikin haƙora. Ɗaga dutsen kaɗan, zare shi daga ƙugiya, ka rubuta masa hagu ko dama yadda kake fuskantar agogon. Sau da yawa nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na dama ke tafiyar da lokaci, na hagu ke buga ƙararrawa.

Yanzu lilo, kuma nan ne aka fi ɓarna. A can samansa akwai siririn fallen ƙarfe, kaurinsa kamar na reza, shi ke rataye a wata tsaga a bayan inji. Ƙasa da shi kaɗan lilon ya ratsa ta cikin gwafa, wato ɗan sandan ƙarfen da ke saukowa daga inji yana tura shi. Sa hannu ɗaya ta ƙofa ka riƙe sandan lilon, ɗaya hannun a bayan inji. Ɗaga shi kamar santimita ɗaya, zare fallen daga tsagar ta baya, sannan ka sauke shi sannu a hankali ta cikin gwafar, ka fito da shi ta ƙofa. Fallen nan in ya lanƙwashe ko ya murɗe, lilon zai riƙa rawa yana kaɗawa, agogon kuma ba zai zauna lafiya ba sai an sauya shi.

Ƙarshe, duba ko an ɗaure katakon zaman injin da sukuru. Kwance shi, ku ɗaga injin tare da katakonsa, ku zaro tsarkiyoyi da 'yan tayoyinsu a hankali.

5. Ɗauri da ɗauka

Kwantar da lilo a kan siririn katakon nan ka ɗaure shi da salatif, ka sa kwali gaba da bayan fallen. Duwatsu kowanne a naɗe shi daban, a ƙasan mota, nesa da komai. Inji ya zauna a tsaye cikin kwali, a tokare shi ta ko'ina, kada nauyinsa ya hau kan hannayen agogo ko kan gwafa. Hula ita kaɗai a cikin bargo. Gidan kuma a kulle ƙofarsa a cire makullin, a kwantar da shi a bayansa. A kama shi ta gangar jiki, kada a kama ta adon da aka liƙa, don tsohon gam ne ke riƙe da su.

Mai tura shi ta jirgin ruwa ya sa a yi masa akwatin katako, ya kuma yi inshora. Kada a manna salatif ko a naɗa leda kai tsaye a jikin katakon, zafin kwantena zai sa su kama fentin.

6. Zaɓen wuri da kafa gida

Auna tsayin ɗakin tukuna, yawancinsu sun kai mita 2 ko fiye. Nemi bango busasshe, inda rana ba ta dukansa, nesa da hita da bakin na'urar sanyaya ɗaki, nesa kuma da ƙofar da ake bugawa. Ƙasa ta zama mai tauri. Kafet mai laushi na sa gida ya riƙa motsi.

Tsayar da gidan, ka gwada shi da ma'auni gefe da gefe. Sa guntayen katako a ƙarƙashin ƙafafun gaba har ya ɗan jingina da bango. In akwai katako ko tayil a gindin bangon da ya hana bayansa mannewa, sa wani katako mai kauri ɗaya a sama ya cike ratar.

Dole a ɗaure shi da bango. Leƙa bangon bayansa, za ka tarar da tsofaffin ramuka, shaidar cewa masu shi na da ma haka suka yi. Yi amfani da ɗaya daga cikinsu maimakon huda sabo. Dalili biyu ne. Na farko, nauyinsa a sama yake, yaro ya ja ƙofar zai iya faɗo masa. Na biyu, gidan da ba a ɗaure ba yana shanye ƙarfin lilo. Akwai alamar da ba ta ɓuya: agogo ya yi kwana 4 ko 5 lafiya lau, sannan ya tsaya, kowane mako a rana ɗaya. A ranar ne duwatsu ke saukowa daidai da faifan lilo, su fara kaɗawa tare da shi, su ƙwace masa ƙarfi. Mutane sun sha kai inji wurin gyara a kan wannan, alhali sukuru ɗaya ne maganinsa. Sai dai ka dakata da ɗaure sukurun tamau har ka gama mataki na gaba.

7. Mayar da inji

Ɗora injin da katakonsa, tsarkiyoyi su sauka ta ciki ba tare da sun harɗe ba. Abokinka na dafe da shi, ka rataya dutse ɗaya don ya zauna. Zura hula ka ga ko fuskar na tsakiyar taga, ka gyara, ka sake cire hular.

Shigar da lilo ta ƙofa, fallen a sama, gefen faifan mai sheƙi yana kallonka. Tura fallen ta cikin gwafa, ka kai shi tsagarsa, ka zaunar. Haska da tocila: ɗan dunƙulen tagullar da ke ƙasan fallen ya kamata ya zauna a tsakiyar bakin gwafar, yana zamewa gaba da baya ba tare da ya matse ba, kada kuma ya jingina da ƙarshen bakin. Faifan kada ya goga bangon baya. In yana gogawa, gidan ya kwanta baya da yawa, rage tokarar gaba ka ƙara kaurin katakon da ke bayansa.

Rataya dutse na biyu, tabbatar kowace tsarkiya na cikin kwarin tayarta, sannan ka cire salatif ɗin ganguna. Dubi tsarkiyar da kyau tun daga sama har ƙasa. In ta bushe, ta fara tsattsagewa, a sauya ta kafin a ci gaba. Dutsen kilo 6 in ya tsinke daga sama, fasa gindin gidan yake yi. Ni nakan shawarci kowa ya ajiye tsohon matashi a ƙasan ciki. Yanzu ka ɗaure sukurun bango.

8. Daidaita bugu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne amsar mafi yawan masu cewa agogonsu ya yi minti kaɗan ya mutu.

Ja faifan lilo gefe kaɗan har ka ji ƙas, ka sake shi. Kashe fanka da talabijin, ka saurara. Lilon irin wannan agogo tsawonsa kusan santimita 99 ne, kowane kaɗawa daƙiƙa ɗaya cif. Abin da kunnenka ke nema shi ne tazara ɗaya tsakanin kowane bugu: ƙas … ƙas … ƙas … ƙas. In ka ji ƙas-ƙas …… ƙas-ƙas, biyu a manne sannan dogon shiru, bugun ya karkace. Ma'anarsa ƙarfen nan mai baki biyu da ke kama haƙoran faifan sama, wato tayar haƙora ta can saman inji, yana nutsewa a gefe ɗaya fiye da ɗayan, lilon na samun turi mai kyau ta hannu ɗaya kawai. Zai yi ta fama har ƙarfinsa ya ƙare.

Don ka san ta ina gyaran yake, ɗaga gefe ɗaya na katakon zaman inji kaɗan, ka zura ɗan kwali. In bugun ya ƙara lalacewa, cire ka koma ɗaya gefen. Gefen da ka ɗaga bugu ya daidaita, riƙe shi a ranka. Cire kwalin, tsayar da lilo, ka lanƙwasa sandan gwafa zuwa wannan gefen da ka ɗaga. An yi sandan da ƙarfe mai laushi ne musamman don haka.

Yadda ake lanƙwasawa: hannu biyu ta bayan inji, ɗaya ta kowane gefe. Yatsa ɗaya ya tokare sandan a tsakiya, ɗayan ya tura ƙasansa. Ɗan kaɗan ake yi, abin da ido da kyar zai gani. Sake lilon, saurara, ƙara in da bukata. In ka wuce gona da iri, sai ka dawo da shi baya kaɗan.

Hattara: kada ka kama ƙasan gwafa ka tura ta har ƙarshe ba tare da tokara ba. Duk ƙarfin zai tafi kan haƙoran faifan sama, waɗanda sirara ne ƙwarai. Haƙori ɗaya ya lanƙwashe, aikin ya koma na mai gyara.

Wasu sukan bar kwalin a ƙarƙashi, ko su karkata gidan gaba ɗaya su huta. Agogon zai yi tafiya, amma fuskar za ta zauna a karkace a tagarta, kuma duk ranar da aka motsa shi an koma gidan jiya. Gara a yi haƙuri a gyara gwafar sau ɗaya. Bar shi ya yi awa ɗaya ba hula kana jin sa, sannan ka rufe.

9. Wani

A na kwana 8, buɗe ƙofar ciki kafin ka sa makulli, don idonka ya ga dutsen yana hawa. Tura makullin ya shige sosai, ka juya shi dama a natse. Tsaya kafin 'yar tayar ta taɓa katakon zaman inji. Makullin ya zama daidai da bakin ƙarfen, mai sako-sako yana cinye kusurwoyinsa, yana kuma iya kuɓucewa ya karce fuska. In ka ga hannun daƙiƙa ya tsaya ko ya ɗan ja baya lokacin da kake juyawa, ba matsala ba ce, yawancinsu haka suke. Akwai 'yan kaɗan masu tafiyar wata guda, duwatsunsu sun fi nauyi nesa, kuma galibi hagu ake juya su. In makulli ya ƙi tafiya dama, kada ka tilasta.

A na awa 30, jawo gefen igiyar da ke sako-sako ƙasa, dutsen zai hau. Kada ka ɗaga dutsen da ɗaya hannun har igiyar ta saki, za ta iya zamewa daga mazauninta.

10. Saita lokaci, ƙararrawa da wata

Dogon hannu kaɗai ake turawa, gaba kawai, da yatsa a kusa da gindinsa. Duk lokacin da ya kai 12, tsaya ƙararrawa ta gama bugawa kafin ka wuce. 'Yan mintoci kafin awa ta cika za ka ji wani ɗan ƙaras a ciki, injin bugu ne ke shiri. Mayar da hannu baya a wannan wuri, ko ta kan 12, yana lanƙwasa ƙarafan da ke ciki. In agogon ya yi gaba, ko lokacin da Ingila ke mayar da agogo baya da awa ɗaya a watan Oktoba, tsayar da lilo ka jira lokaci ya cim masa.

In hannu na nuna 4 ƙararrawa na buga 3, agogonka mai faifan ƙirga ne, tsohon tsarin da ya daɗe a na awa 30. Za ka ga faifai mai tsage-tsage a baya ko a gefen inji, da ɗan ƙarfe da ke faɗawa cikin tsagar. Ɗaga ƙarfen ka sake, zai buga awa ta gaba. Maimaita har bugu ya yi daidai da hannu. Wasu an sa musu waya da ta sauko cikin ciki don wannan aikin. Masu sabon tsari, wanda ya fito wajen 1676, suna karanta awa daga mazaunin gajeren hannu, ba su cika ɓata ƙirga ba.

Kwanan wata da hoton wata da yatsa ake tura su. In ka ji sun cije, injin na cikin tura su ne, ka bari sai bayan awa 3 ko 4. Faifan wata an raba shi kwana 29 da rabi, cikar wata na kan 15. Mai bin lissafin Hijira ya huta: sa shi a kan kwanan watan Musulunci na ranar, ba zai yi nisa da daidai ba, in ya so ranar da wata ya cika ka gyara ɗan bambancin.

11. Gudu da jinkiri

A ƙarƙashin faifan lilo akwai noti. Ɗaga faifan sama, agogo ya ƙara sauri. Sauke shi, ya rage. Motsin milimita 1.4 na sauya kimanin minti ɗaya a rana, don haka rabin juyi ma abu ne. Riƙe faifan da hannu ɗaya lokacin da kake juya notin, in ba haka ba sandan zai murɗa fallen sama. Gwada shi da agogon waya a lokaci ɗaya kullum, gyara sau ɗaya a rana, daga baya sau ɗaya a mako. In ya tsaya a kuskuren minti 1 ko 2 a mako, ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ka ƙyale shi.

Wanda ya kawo nasa daga Ingila zuwa ƙasar Hausa zai ga abin mamaki: agogon da ke daidai a Landan zai riƙa jinkirin sama da minti 2 a rana a Kano. Ba lalacewa ya yi a hanya ba. Ƙarfin jan ƙasa ya fi rauni kusa da layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, lilo kuma da shi yake aiki. Masanin taurari na Faransa Jean Richer ya ga haka a Cayenne ta Kudancin Amurka tun 1672. Ɗaga faifan kamar milimita 3 zai rufe ratar. Zafi ma na miƙar da sandan ƙarfe: ƙarin digiri 10 na jawo jinkirin kimanin daƙiƙa 5 a rana, saboda haka tsakanin sanyin hunturu da zafin bazara sai an ɗan taɓa notin.

12. Mai, shara da mai gyara

Kada a fesa wa injin komai. WD-40, man keken ɗinki, baƙin mai, man gyaɗa, duk suna kama ƙura su zama laka mai cin tagulla. Man agogo na musamman ake sawa, irin na Moebius, ɗigon da bakin allura zai ɗauka, a ramukan da ƙarafa ke juyawa a ciki da kuma bakin ƙarfen da ke kama haƙora. Su haƙoran kansu a bushe suke aiki. In ka ga baƙin maiƙo ya taru a bakin ramukan, sabon mai ba zai yi amfani ba, lokacin kwance inji a wanke ne ya yi.

Hattara: agogo in ya fara tsayawa saboda datti, wasu sukan ƙara masa nauyi a kan dutse. Zai tashi kam, amma yana cin kansa ne, ramuka na faɗaɗa, haƙora na gogewa.

Fuskar tagulla ba a goge ta da Brasso. Zoben lambobin azurfa ce siririya aka shafa masa, baƙin da ke cikin zanen kuma kaki ne, gugar minti ɗaya za ta kwashe su. Fuska mai fenti ba ta son ruwa ko sabulu. Burushi mai laushi ya wadatar wa duka biyun. Gidan kuwa kakin zuma kaɗan, sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge da tsumma mai laushi. Kada a kankare shi a shafa sabon fenti, wannan duhun da shekaru suka ba katakon rabin darajarsa ke nan.

A ƙasarmu hunturu ne babban abokin gaba. Katakon da ya saba da laimar Ingila yana tsukewa in iska ta bushe, siraran fallayen ado su ɗago, ƙofa ta kangare. A rufe tagogin ɗakin, a sa na'urar ƙara laima in da hali, a kuma liƙa takarda ko ƙyalle a kan ramukan saman hula saboda ƙura. Duk guntun da ya ɓalle a adana shi a ambulan. Kada a mayar da shi da gam mai kamawa nan take. Gam ɗin fata aka yi aikin da shi tun asali, shi ne kuma ake iya narkarwa a sake gyara. A riƙa leƙa gindinsa saboda gara, in kuma aka ga ƙananan ramuka da sabon garin katako a ƙasa, ƙwaro na ciki.

Wankin inji gaba ɗaya, duk shekara 5 zuwa 10, aikin gwani ne, kuma a Ingila ɗaruruwan fam yake ci. Cibiyar British Horological Institute, wadda aka kafa a 1858, tana da jerin ƙwararrun masu gyara. A gida kuwa, kafin ka miƙa wa kowa, tambaye shi ko ya taɓa kwance agogo mai duwatsu. Ka gindaya masa sharuɗɗa tun farko: ramin da ya faɗaɗa a sa masa sabon zoben tagulla, kada a daddake bakinsa da guduma don ya tsuke, duk abin da aka cire a dawo maka da shi, kuma ko da wasa kada a cire injin a sa na batir.

In za ka yi tafiyar da ta wuce mako, tsayar da lilo da hannunka kafin ka fita, don kada duwatsu su sauka har ƙasa tsarkiya ta saki. In ajiyar ta watanni ce, sauke duwatsun gaba ɗaya, ka manna salatif a ganguna, ka ɗaure katakon zaman injin don kada ya kifo.